Kwano Uku na Mai Awon Ruwa

Ni dai har yanzu ban dawo daidai ba. Tsohuwa ce ni, haƙoran gaba sun tafi, na binne miji, na binne ɗiya biyu, na baro ɗakina da rumbuna a ƙasar Rabah saboda ɓarayin daji, daga ni sai zanen da ke jikina. Na ɗauka duniyar ga ba ta da sauran abin da za ta nuna mani in riƙe baki. Sai ga shi cikin bazarar da ta wuce wata mata ta sauka bisa babur ƙofar gidan ɗana nan Goronyo, ta ci tuwona, ta gaya mani magana, na yi kwana uku ina zuba ma miya gishiri sau biyu. Surukata har ta fara raɗa ma mijinta wai ko ruɗewar tsufa ce ta kama Inna. Ba ruɗewa ba ce. Akwai mutumin da na ja ma Allah ya isa tun ina amarya, na goya abin a zuciya har furfura ta rufe mani kai, ban taɓa janyewa ba, ban kuma taɓa tunanin akwai abin janyewa ba. Labarinsa zan ba ku, ku yi haƙuri da ni, ban iya gajerta magana ba.

Sai na fara da kwano, don yaran yanzu ba su san nauyinsa ba. Yau in za a ba mutum abinci sai a ƙulla mashi cikin leda ko wata 'yar roba, ya ci ya jefar, ba wanda ya san ko shi ya ci ko akuya. Mu da munka tashi, kwano magana yake yi. Da hantsi ya ɗaga za ka ji gari ya ɗauki lugude, wannan gida ya buga wancan ya amsa, hayaƙin kara ya tashi bisa kowace katanga, can wajen azahar kuma marafan samira su fara ƙara, kwanuka na fita zaure, wasu na ƙetarawa maƙwabta. Matar gida ba ta ganin wanda ya ci girkinta, ba ta jin abin da ya ce. Kwanon da ya komo shi ke gaya mata komi. In ya komo a suɗe, ta wuni da fara'a. In an rage loma biyu, an ƙoshi ne, an gode. In kuwa ya komo da tuwonsa ko fasa shi ba a yi ba, to wannan mari ne, gara a tsaya tsakar gida a zage ta ta uwa ta uba. Kakata kullum sai ta ce mana, "Ku riƙa duba kwano kahin ku wanke shi." Mukan yi dariya mu ce tsohuwa ta cika neman magana.

Ni ɗiyar masunta ce, daga wani ƙauye bakin gulbin Rima, tun ba a yi madatsar ruwa ba. Na tashi cikin hayaƙin banda da ɗinkin komar kamun kifi da kukan kwaɗi, na iya feɗe kifi tun ban iya ɗaura zane ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan gidan malamai ne na Wurno. Kasuwa ya gan ni ina taya innata sayar da banda, ya nace, ni ma ban ƙi ba. Amma kun san gidan malamai da ɗiyar masunta. Ba wanda ya ce mani komi a fili. Sai dai in na wuce wata ta taɓe baki ta ce ana jin ƙarni, in yaro ya yi zazzaɓi a tambaye shi a hankali ko ya shiga ɗakin amarya. Mutanen tudu sun ɗauka duk wanda ya san ruwa ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa, ya kuma san abin da ake barbaɗa ma mutum cikin abinci. Surukina, Malam, mutum ne mai shiru, sai ya wuni bai yi magana goma ba in ba karatu yake ba. Matarsa ta rasu, don haka ƙanwarsa, Gwaggo, ke riƙe da gidan. Ita ke tuwon dare wanda maza ke haɗuwa su ci tare a zaure, ni kuma anka ba ni girkin rana, kowa da kwanonsa. Kuma wallahi ba yabon kai ba, na iya. Tuwon shinkafar Wurno da miyar busasshiyar tarwaɗa, a sa albasa a sa tafarnuwa a bar ta ta nuna a hankali, sai ka ji maƙwabta na tambayar gidan wa. Da wagga miya na fara sama ma kaina wurin zama a gidan nan.

A ɗakin da ke jikin zaure akwai baƙo da ya riga ni zuwa gidan. Ma'aikacin gwamnati ne, an turo shi daga can ƙasashen kudu da Zariya. Aikinsa duba wata doguwar sanda mai zane-zane da anka kafa cikin gulbi, safe da rana da yamma, ya rubuta inda ruwa ya kai. Shi ya sa kowa ke ce mashi Mai Awo, ni har ya bar garin ban riƙe sunansa na yanka ba. Kirista ne. A lokacin nan wannan ba abin tada hankali ba ne. An kawo baƙo, hakimi ya ce Malam ya sauke shi, Malam ya sa anka share ɗaki, magana ta ƙare. Yau ka ce ma mutum ya sauke wanda bai sani ba, ko da sahu ɗaya suke bi, sai ya leƙo ta ramin ƙofar ƙarfe ya tambaye ka wa ya aiko ka, kuma ban ga laifinsa ba bayan abin da munka gani. Ni ban cika ganin Mai Awo ba, ina cikin gida. Ƙararrawar kekensa na sani, da dariyarsa mai ƙarfi kamar ta mutum uku, da kwanonsa, wani koren samira mai tsaga a marfi, wanda kullum yake komowa kamar an wanke.

Azumina na farko a gidan, samarin unguwa sunka sa shi gaba da tsiya. Wai su 'yan mishan ba su san yunwa ba, azuminsu na shan shayi ne, in ya gwada wuni ɗaya sai an ɗauko shi daga gulbi cikin amalanke. Mai Awo ya ce to a zuba a gani. Ya yi sahur da su, ya sha ruwa da su, kwana talatin cif bai sha ko ɗaya ba. Kai, wannan azumi ya sha talla! Ina ɗaki ina jiyo shi bakin zaure yana tofar da yawu ya fi kowa ƙara, yana tare masu wucewa yana cewa, "Yau sha bakwai, ku dubi leɓena yadda ya tsage." Gari ya ɗauka. Mata na aiko mashi da kunu da ƙosai, tsofaffi na cewa saura ƙiris ya shigo. Ranar salla Malam ya ba shi riga, samarin nan da sunka yi mashi tsiya sunka ɗaga shi sama suna ihu. Ni ma na yi murna, don mu ma haka muke namu, a yamutsa fuska, a bar baki ya bushe, a yi ta nishi don kowa ya san ana wahala. Yanzu ma abin bai tafi ko'ina ba, cikin waya ya koma. Jikata ba ta kai dabino baki sai ta ɗauki hoton faranti ta aika ma duniya.

Watanni sunka wuce, bazara ta shigo, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Ana cirar albasa a fadama, gulbi ya janye ya bar yashi. Kwanon Mai Awo na komowa tas yadda ya saba. Abin da kawai na lura, dariyar nan ta ragu. Maigidana kuma ya ce mutumin ya koyi gayu, kullum fuska a wanke, leɓe na ƙyalli da man kaɗanya kamar mai zuwa zance. Munka yi dariya munka bar maganar.

Wata rana Gwaggo ta tafi barkar haihuwa wata unguwa ta bakin gulbi, ta komo da rana tsaka ko sallama babu. Ina zaune ina tankaɗe ta tsaya bisa kaina.

"Ke, mi kika zubawa cikin abincin baƙon ga?"

Na ce, "Mi hwa, Gwaggo? Abin da kowa ka ci, shi nika zuba mashi."

"Da idona nig gane shi ƙarƙashin tsamiya. Ya buɗe kwanonki ya juye ma mahaukacin bakin gulbi cikin ƙwarya, ya wanke kwanon da yashi. Nit tambayi masu wanki, sunka ce kullum haka shikai, ya hi wata guda. Tuwona na dare kau har suɗi shikai. Naki ɗai na ba ya ci. Mi yag gani?"

Ku da ba ku san zamanin ba, bari in warware maku. Abincin da mutum ke zargin an sa mashi wani abu, ba ya zubarwa cikin gida. Kare yake ba ko mahaukaci, ya zuba ido ya ga abin da zai biyo baya. Ga mutum mai wuni bakin ruwa, wanda anka ɗauka ya san sirrin masunta. Ga kuma ɗiyar masunta. Mi ya rage? Gwaggo ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Sai dai bakinta ba ya ajiya. Kafin la'asar unguwa duka ta ji.

Washegari akushin Malam ya komo da tuwonsa, ko marfin ba a ɗaga ba. Na tsaya ina kallonsa. Kashegarin wannan, kwanon ƙanen maigidana ya biyo shi. Yaran maƙwabta da ke zuwa neman ƙanzo sunka ɗauke ƙafa. Maigidana kaɗai ke ci, shi ma ina ganin yadda yake juya loma kafin ya kai ta baki, kuma wannan ya fi duka yi mani ciwo. Kwano ɗaya ke komowa a suɗe, koren nan mai tsaga, na kuwa san cikin wa ya shiga. Ba wanda ya tunkari Mai Awo, ba a yi ma baƙo irin wagga tambaya. Shi kuwa yana can bakin gulbi da sandarsa da littafinsa, bai san gida ya kama da wuta ba. Ana haka Malam ya aika ƙauyenmu a kira kawuna. Kowa ya san ma'anar wannan kira. In an mai da ni gida da sunan mai barbaɗe, ba aurena kaɗai ya mutu ba. Ina da ƙanne mata uku, ba wanda zai sake taka ƙofar gidanmu dominsu.

Kawu ya iso ranar Juma'a da jakinsa. Na yi girki ranar don ba wanda ya ce in bari, ina tuƙa tuwo hawaye na ɗiga gefen murhu. Kawu ya cinye nasa tas, amma cin kawu ba shaida ba ce. Da anka sakko masallaci zaure ya cika, dattawan unguwa da samari, har da waɗanda ba a gayyata ba. Kwano uku anka ajiye tsakiyar tabarma a rufe, akushin Malam, na ƙanen maigidana, da koren nan. Mai Awo ya jingine keke ya shigo zai ɗauki nasa ya wuce yadda ya saba, Malam ya ce ya zauna. Ni kuwa na lallaɓo na laɓe bayan zanar da ke ƙofar cikin gida.

Malam ya ce, "Mai Awo, tun da kaz zo gidan ga ban taɓa tambayar ka abin da ba ka so ba. Yau dole ta. Mi kag gani cikin abincin yarinyar ga?"

"Abinci kuma, Malam? Ban ga komai ba sai alheri."

"To don mi kaka ba mahaukaci shi? Gari na cewa barbaɗe takai, kai kag gane. Ga kawunta nan ya zaka ɗaukar ta."

Na sa ido cikin ramin zana, ranar na fara ganin fuskar Mai Awo da kyau. Ya rame, wuyan rigar ya yi mashi yawa, leɓen nan na ƙyalli, idanunsa sun fito waje kamar wanda anka watsa ma ruwan sanyi yana barci. Ya dubi Kawu. Ya dubi kwanukan. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi rana ta ƙofar zaure, ya daɗe yana dubanta. Wannan duban rana na riƙe shi duk rayuwata, ban san mi yake nufi ba.

Can ya ce, "Malam, yarinyar nan ba ta da laifi ko ɗaya. Girman kaina ne ya ja mata. Ni ne mai laifi."

Ya sauka daga tabarma ya durƙusa bisa ƙasa, babban mutum da shi, ma'aikacin gwamnati. Ya jawo koren kwano ya buɗe ya fara ci. Ya cinye ya suɗe. Ya ce Malam ya ba shi izini, ya jawo akushi, ya cinye. Ya jawo na uku. Ba cin marmari ba ne, ina ganin yadda lomar ke tsaya mashi a wuya, gumi na zuba, ruwa na bin kumatunsa, ni na ɗauka barkono ne. Samari sunka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ashe da yunwarka kaka yi muna iyayi!" Wani ya ce, "Ku zo ku ga mai azumin talatin!" Bai ɗaga kai ba. Da ya gama ya ce zai zauna nan inda yake har la'asar, kowa ya gani in wani abu zai same shi. Ya kuwa zauna, a durƙushe, ana shiga ana fita ana kallonsa kamar biri a kasuwa. Da anka kira la'asar, Malam ya aiko a kankaro mashi abin da ya rage cikin tukunyata. Malam da kansa ya sa hannu gaban jama'a ya kai loma baki. Kawu ya kwance jakinsa ya koma shi kaɗai.

Sa'an nan Malam ya juya ga baƙonsa ya ce, "Wanda yar rena abincin gida ba ya kwana cikin gidan. Ka nemi wani masauki." Mai Awo ya ce, "Gaskiya ne, Malam." Gwaggo, da yanzu ta koma bayana don kunya, ta ce a haɗa mashi da koren kwanon, ba mai sake ci cikinsa.

Da yamma ya ɗaure kayansa bayan keke, ya zo bakin zana ya durƙusa daga waje. Ya ce, "Amarya, na cuce ki. Ki yafe mini." Ni kuwa wuta nake ci. Abin da na ji da kunnena ke nan, ya ce girman kai. Wato ƙazama ce ni, ɗiyar masunta mai ƙarni, girkina bai kai ya ci ba sai mahaukaci. Na ce, "Sati guda ina kallon tuwona shina komowa, don kai ka hi ƙarhin abincina! Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yahe ba, duniya da lahira." Ya ce, "Na ji." Ya tura kekensa ya fita, ko ƙararrawar bai kaɗa ba. An ce ya koma wata rumfar kwano bakin gulbi, kafin ruwan farko kuma anka canza mashi gari.

Daga nan sunansa ya zama abin zagi a bakina. Munka koma ƙasar Rabah inda anka ba maigidana limanci, na haifi ɗiya na rene su, duk wanda ya yamutsa ma abinci fuska sai in ce kada ka zame mani Mai Awo. Jikokina sun san sunan ba su san mai shi ba. Ni kuma na zama tsohuwar da anka sani da azumin Litinin da Alhamis, kuma wa bai sani ba? Tun da asuba nake shela, kada wanda ya dame ni yau ina azumi. In baƙuwa ta shigo, kafin ta zauna na gaya mata. Ba wai ban taɓa jin wa'azin riya ba, a gidan malamai na tsufa. Ina jinsa dai in ce da wasu ake.

To ranar da baƙuwar nan ta sauka gidan ɗana Juma'a ce, an sakko masallaci, zafi kamar a bakin murhu. Matar ta yi sallama, za ta yi shekara hamsin da wani abu, da tabarau da jaka, Hausarta ba irin tamu ba. Ta ce tana neman ɗiyar masunta da ta yi aure gidan Malam na Wurno. Ta ce ta daɗe tana cigiya, daga Wurno anka tura ta Rabah, can ta iske ƙauyenmu kango, wani mai babur ya ce ta gwada Goronyo. Na ce ta zauna tukuna, ba a tambayar baƙo da yunwa. Na zubo mata tuwon shinkafa da miyar kifi. Ta dubi kwanon, ta rufe ido kaɗan, ta wanke hannu ta ci har ta suɗe. Raina ya yi fari, na ce wagga ta san mutunci. Sai ta buɗe jaka ta fiddo wani abu naɗe cikin tsumma ta ajiye gabana. Koren samira, duk ya goge, da tsaga a marfi.

Ta ce, "Mama, ni 'yar Mai Awo ce. Baba ya rasu bara."

Ko gaisuwar mutuwa ban iya yi mata ba. Abin da ya fito bakina, "Mai girman kan nan?"

Ta yi murmushi ta ce, "Shi fa. Haka yake kiran kansa har ya mutu. Mama, mu ma muna da azumi, kwana arba'in, kafin bikinmu na Ista. Ba don a ƙirga wa mutum ake yi ba, don ya ƙasƙantar da kansa gaban Allah ne, ya tuna shi ba kowa ba ne. An koya mana mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai kada a gane, abin da zai ci kuma ya ba mai yunwa. Baba ya ce azumin da ya yi da mutanen Wurno, kwana talatin bai tuna Allah ko sau ɗaya ba, bakin mutane kawai yake saurare. Ranar da ya sa rigar sallar nan aka ɗaga shi sama, kunya ta kama shi. Sai ya yi alkawari in namu ya zo, ba mahalukin da zai sani."

Innalillahi. Man kaɗanya. Wuyan riga. Mahaukacin bakin gulbi. Tuwon dare da yake suɗewa. Na dafa ƙasa. Na ce, "To don mi bai hwaɗi ba? Kalma guda! In yac ce azumi shikai, wa za ya musa mashi gidan malamai?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce da ya faɗa, zauren zai tashi da yabo, ga wanda ya yi talatin namu ya ƙara arba'in nasu. A sake ɗaga shi sama, ke kuwa a ci gaba da juya lomarki, don mai tsoron abinci ba ya yarda da magana sai ya ga an ci. Ya ce a wurin ya gane ɓoyon ma ya zame masa abin taƙama. Yana can bakin kogi yana sha'awar kansa, bai ko waiwaya ya ga wa yake takawa ba. Kuma ranar, Mama, ita ce Juma'ar da ta fi kowace rana nauyi a azuminmu. Saura kwana ɗaya ya cika. Saura 'yan awoyi rana ta faɗi ya sha ruwa."

Sai a lokacin na gane abin da yake duba ta ƙofar zaure. Ashe ruwan da na gani bisa kumatunsa ba barkonona ba ne.

Ta ce, "Tun daga shekarar, duk azumi yakan kai shi har wannan Juma'a. Da rana ta take sai ya fito ƙofar gida inda kowa zai gan shi, ya ci abinci a kwanon nan. Bai sake cika arba'in ba. A coci har tsiya ake masa, wai dattijo guda ya kasa ƙarasawa. Bai gaya wa kowa dalili ba sai ni, yana kwance ciwon ajali. Ya ce akwai Allah ya isa a kansa, kuma mai ita tana da gaskiya. Ya ce in nemo ki."

Na ce, "Wagga Juma'a taku, yaushe ta?"

"Yau ce, Mama."

"Ke ma azumi kikai?"

"Ina yi, har na shigo nan."

Na dubi kwanon da ta suɗe. Ban san sa'ad da na ɗaga murya ba, har surukata ta fito da gudu da ludayi a hannu. Na ce, "Na yahe! Na yahe mashi duniya da lahira, Allah ka shaida na janye!" Sa'an nan na kama zanenta na ce, "Ɗiyata, ni hwa? Shekara nawa ina zagin ubanki gaban ɗiyana da jikokina. Ni wa za ya yahe mani?" Ta riƙe hannuna dai, munka zauna haka har mai babur ya gaji da jira ya fara danna oda.

Ta bar mani kwanon. Tun ranar, in an sauke tukunyar rana sai in zuba cikinsa in rufe da gyale, in ce za ni gaida maƙwabciya. Akwai wata mai taɓin hankali da ke zama gindin darbejiya bayan tasha, ta saba da ni yanzu, in ta hango ni sai ta miƙo ƙwarya. Litinin da Alhamis kuma na sayi man kaɗanya na ajiye ƙarƙashin filo, na daina shelar asuba, har jikata ta tambaye ni ko na bar azumin ne, na haɗiye maganar da ƙyar. Na yi niyya tsakanina da Allah ba mahalukin da zai sani. Ga shi kuwa na zauna na zayyana maku duka, har da man kaɗanyar. Shi ya riƙe nasa shekara hamsin. Ni ko wata uku ban kai ba.